Goron Oga Sylvanus

Celina ba ta cin goro. Tun tana yarinya a ƙauyensu can wajen Zonkwa ta taɓa gatsa sau ɗaya, ta tofar, ta ce wannan sai masu haƙuri. Shi ya sa in an tuna maganar a Kakuri sai an yi dariya, wai macen da ba ta cin goro ita ce ta sayi ƙwarya guda cur ta raba wa unguwa. Amma masu dariyar ba su ne suka biya ba.

A shekarar da aka karya darajar naira ne masaƙar da take aiki ta rage ma'aikata. Auduga ta yi tsada, kayan gyaran injuna sun daina shigowa, sai aka dinga kiran mutane ofis ɗaya bayan ɗaya. Celina tana sashen buga atamfa tun kafin ta yaye 'yarta Christy, ga shi Christy har ta kai makarantar horon malamai. Aka miƙa mata kuɗin sallama a ambulan, aka ce an gode. Mijinta Shekari shi an bar shi, amma rabin aiki, rabin albashi.

Wasu sun shanye nasu kuɗin a gidan burukutu, wasu sun koma gida noman citta. Celina ta ce ita ba ta komawa ko'ina, Kaduna ta ci ƙuruciyarta, Kaduna za ta ciyar da ita. Ta je Tudun Wada ta sayi tsohon injin markaɗe mai aiki da gas a wajen wani Alhaji, aka ɗauko shi a a-kori-kura, tana zaune a baya ta riƙe shi kamar za a ƙwace.

Ta ɗauka sayen injin shi ne babban abu. Ina! Ashe shi ne ƙarami. Mai fili ya ce hayar shekara gaba ɗaya yake so. Kafinta ya ci nasa, mai kwano ya ci nasa, magini ya zuba simintin da za a girke injin ya ci nasa. Ga makaniki, ga gas, ga baƙin mai. Sai kuma takardu: lasisin kasuwanci daban, takardar duba-gari daban. Har ɗan allon da ta sa aka rubuta wa "Markaɗe da Niƙa" aka ce yana da kuɗinsa, tunda ya leƙo titi, titi kuwa na hukuma ne. Celina ta yi tsaki har haƙoranta suka gaji, amma ta biya. Abu ɗaya ne ba ta yarda ba, ba ta barin gaban tebur sai an ba ta rasit. Ta kafa doguwar ƙusa a jikin katakon rumfar tana soke su a kai.

Injin ya tashi, kasuwa ta buɗe. Matan unguwar Makera suna kawo waken ƙosai da geron kunu tun da sassafe, matan Kakuri suna kawo masara da tattasai. In injin yana aiki ba ka jin maganar na kusa da kai, Celina kuwa ba ta taɓa jin ƙarar da ta yi mata daɗi irin wannan ba.

Sai ga Oga Sylvanus.

Sylvanus ma'aikacin ofishin haraji ne, shi aka ba layin nan nasu. Gajere ne, takalminsa na ƙyalli, da biro uku a aljihun gaba, da Vespa wadda yake gogewa da hankici in ya sauka. Ba baƙo ba ne. Cocinsu ɗaya da Celina, shi ne mai babbar murya a cikin mawaƙa, matarsa Judith kuma kusa da Celina take zama a Zumuntar Mata, ita ke buga tulu in ana waƙa. Ya gaishe ta da yarensu, ya yaba injin, ya duba takardun da ke jikin ƙusa, ya ce ma sha Allah komai daidai. Sannan ya ɗan matso.

"Maman Christy, kasuwa ta buɗe, ba a ba mu goro ba."

Kada wani ya ce ba ta gane ba. Ta gane sarai. Ko yaron goye a Kaduna ya san goron ma'aikaci ba a tauna shi, ninke shi ake yi a tura a tafin hannu. Kuma ba wai Celina waliyyiya ba ce. Abin da ya ƙona mata rai shi ne, duk sauran da suka ci kuɗinta sun ci da suna, sun ci da iyaka. Wannan kuwa ba suna, ba iyaka, kowane wata zai dawo da murmushinsa. Ita ta tsaya a kan ƙafafunta shekara da shekaru tana shaƙar warin rini kafin ta samu injin nan, shi kuma zai shigo ya zama abokin tarayya da gaisuwa kawai.

Ta ce ya jira ta. Ta tsallaka titi wajen Hajiya Indo, wata dattijuwa mai sayar da goro a bakin kasuwa, ta sayo manya biyu, fari da ja, ta ɗora a kan sosa, ɗan farantin nan na kofin shayi, ta kawo masa har da ɗan rusunawa.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Maman Christy akwai barkwanci. Ya ɗauka ya tafi.

Da wata ya zagayo ya dawo, ta sake kawo sosa. Wannan karon dariyar ba ta wuce leɓe ba. A karo na uku ko kallon sosar bai yi ba. Ya ce a kashe inji. Ya zagaya baya, ya nuna bel, doguwar robar nan da ke haɗa injin da maniƙa, ya ce doka ta ce dole a yi masa murfin ƙarfe don kada ya fizgi zanin mace ko hannun yaro. Ina murfinta? Celina ta ce ya nuna mata inji ɗaya daga nan har gadar Kaduna mai murfi. Ya ce shi ba a aiko shi wajen sauran ba yau.

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Dokar tana nan a rubuce. Ba wanda yake da murfi, don goron kowa shi ne murfinsa.

Ya zame bel ɗin, ya naɗe, ya ɗaure a bayan Vespa. Ya ce ranar Asabar da hantsi zai biyo da shi. In goron ya ƙosa, shi ke nan, ya mayar mata da hannunsa. In kuma har yanzu na sosa ne, zai kai rahoto, motar ofis ta zo ta ɗauke injin ɗungurungum. Celina ta san inda injunan da motar ofis ta ɗauka suke ƙarewa. Ta gan su a bayan ofishin, ruwan sama yana dukansu, ciyawa ta fito ta cikinsu.

Rumfa ta yi tsit. Mata suka zo da kwanukansu, suka ga inji kwance, suka ce sannu, suka wuce wajen Nicholas da ke hayin layin dogo. Ba laifinsu ba ne, wake in an jiƙa shi ba ya jiran shari'a. Ta zaga Kakuri da Tudun Wada neman wani bel, ba ta samu daidai injinta ba, wanda ta samu kuwa da mai shagon ya faɗi kuɗin sai da ta tambaye shi ko har da shagon ne.

Shekari mutum ne mai sanyi, bai cika magana ba, amma ranar ya yi. Ya ce ta ba Sylvanus abin da yake so mana. Kowa yana bayarwa, Nicholas yana bayarwa, mai faci yana bayarwa, ba wanda ya mutu. Ya ce duk abin da suka mallaka yana kan simintin nan, kuɗin makarantar Christy daga nan zai fito, ita kuma ta tsaya tana wasa da sosa. Celina ta ce ta ji. Ta san yana da gaskiya, shi ya sa ma maganar ta fi yi mata zafi, kuma tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka ba ta ambulan.

Washegari ta je ta zauna a kan bencin Hajiya Indo, ba don sayen komai ba, don ba ta iya zama tana kallon injin. Hajiya ta ce ta yi haƙuri ta ba shi. Ta ce ita kanta da take sayar da goron gaskiya, na ƙarya take ba masu haraji duk wata.

Suna cikin haka wata mata ta zo sayen ƙwarya guda, ƙanwarta ta haihu, za a raba na suna. Hajiya tana zaɓa tana yayyafa ruwa tana ba ta shawara, ta ce kada ta aika yara, ta kai da kanta gida gida. Ta ce wanda ya sa hannu ya karɓi goron gayyata ai ya ɗaure kansa, in bai zo ba da wane ido zai dube ki gobe.

Celina ta bi matar da kallo har ta ɓace a cikin kasuwa. Sannan ta kwance bakin zaninta.

"Hajiya, zaɓo mini ƙwarya guda. Marsa nake so, manya."

"Aure za ki yi wa Christy?"

"A'a. Wani ne ya nemi goro, zan ba shi yadda ake ba mutane."

Hajiya Indo ta dube ta, ta dube ta, sai ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Ta ce ita dai ba ruwanta, amma a ajiye mata wuri a gaba.

Celina ta sayi minti ta haɗa, ta ƙulla bibbiyu, ta shiga gari. Ta bi gidajen Makera da take yi wa markaɗe, ta yi sallama, ta miƙa. Ta bi matan Zumunta ɗaya ɗaya. Ta ba mai faci, ta ba mai walda, ta ba Nicholas kansa, wanda ya karɓa kafin ya tambaya, da ya ji dalili kuwa ya tsaya da ƙullin a hannu kamar ya riƙe garwashi. Maganarta ɗaya ce a kowace ƙofa: Oga Sylvanus ya nemi goro, ranar Asabar da hantsi a rumfarta, a zo a taya ta bayarwa.

Da ƙullin ƙarshe ta hau bas zuwa Narayi, gidan Sylvanus, lokacin da ta san yana wajen aiki. Judith ta tarbe ta da murna, tana ganin ƙullin ta karɓe ta rangaɗa guɗa, ta ɗauka an kawo gaisuwar Christy ne. Celina ta bari ta gama, sannan ta gaya mata na waye, da dalili, ba ta rage komai ba. Goron yana cikin hannun Judith, ta riga ta damƙe. A nan Celina ta ji tausayi ya kama ta, don Judith ba ta yi mata komai ba. Amma ba ta ce ta dawo da shi ba.

Da Shekari ya ji abin da ta yi, ya zauna a bakin gado. Ya ce ta san fa ta tsokano abin da ya fi ƙarfinta. Ta ce ta sani. Ranar Asabar shi ne ya fara ɗauko benci.

Kafin hantsi rumfar ta cika har titi. Matan Zumunta wasu har da ankonsu, matan Makera da mayafansu, wasu sun zo da kwanon wake don ko an dace. Masu bas suna rage gudu suna tambaya wa ya haihu. Hajiya Indo ta samu wurinta a gaba. Judith ta zo, ta zauna can baya a ƙarshen benci, ba ta gaisa da kowa ba.

Sylvanus ya karyo kwana da Vespa, bel a ɗaure a baya, ya ga taro. Da yana da wayo da ya wuce. Amma an riga an gan shi, mai faci har ya taso ya riƙe masa babur, ana ta barka da zuwa, ana buɗe masa hanya kamar ango. Ya sauka, ya manta bai goge Vespar ba.

Celina ta fito da faranti babba, ta jera ragowar goron a kan ganye, ta yayyafa ruwa. Ta tsaya a gabansa, ba ta ɗaga murya ba, wurin ne ya yi shiru har kowa ya ji.

"Oga Sylvanus, ka ce in ba ka goro. Na kawo sau uku ka ce ba shi ba ne. Ni jahila ce, shi ya sa na tara mutane su fahimtar da ni. In wanda ake taunawa ne, ga shi. In wanda ake ninkewa ne, faɗi nawa ne a gaban matarka, in ba ka."

Wata tsohuwa ta ce ikon Allah. Wani ya fara dariya ya haɗiye. Sylvanus ya duba farantin, ya duba mutanen cocinsu, idonsa ya kai ƙarshen benci ya dawo da sauri. Gumi ya keto masa ta wuyan riga.

To, a nan ne masu ba da labari suke son su tsaya, a ce ya kwance bel ya mayar, aka yi tafi. Ba haka aka yi ba. Sylvanus ba wawa ba ne. Ya gyara murya, muryar nan ta coci, ya ce shi bai san wani goro ba, wasa ne irin na 'yan gida Maman Christy ta ɗauka da zafi. Shi doka ta aiko shi. Ya zaro biro ɗaya daga cikin ukun, ya buɗe littafinsa a kan kujerar Vespa, ya karanto laifin: inji ba murfin bel, an yi gargaɗi. Ya karanto tarar. Ya ce sai an biya a ofis, an yi murfi, an zo an duba, sannan bel zai fito.

Da ya faɗi kuɗin, masu dariya suka daina. Ya fi goron shekara guda, ya ninka. Shekari ya sunkuyar da kai.

Sylvanus ya matso kusa da ita kamar zai nuna mata wurin sa hannu, ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Kin gani ko? Da goron ya fi miki sauƙi. Har yanzu ban rubuta ba."

Celina ta dubi biron a kan takarda. Ta san ba ta da kuɗin. Ta san kuma abin da za ta sayar ta samu.

"Rubuta," ta ce. "Ka rubuta da kyau, a ba ni rasit."

Ya rubuta. Ya hau Vespa ya tafi da bel ɗinsa, bai taɓa farantin ba. Judith ta tashi ta bi ta bayan rumfa, ta ajiye ƙullin goronta a kan benci. Tun daga ranar ta canja wurin zama a Zumunta, kuma ba ta ƙara yi wa Celina magana ba.

A ƙarƙashin gadon Celina akwai akwatin ƙarfe. Duk ƙarshen shekara masaƙa tana sayar wa ma'aikata turmin atamfa da rangwame, ita kuwa ba ta taɓa ɗinka nata ba, tana tarawa don auren Christy. Ba atamfar kanti ba ce a wajenta. Ta san kowace, ta san wadda aka buga a lokacin aikinta, har da wata shuɗiya mai zanen tsuntsaye da layi ya ɗan goce a gefe ranar da injin ya yi tutsu tana tsaye a kansa. Ta kira dillaliya. Dillaliya ta bubbuɗe, ta shinshina, ta gano gocewar nan ta shuɗiyar ta rage kuɗi a kai. Celina ba ta yi gardama ba. Da matar ta fita da ƙunshin a ka, ta zauna a gaban akwatin, babu komai ciki sai tsohuwar jarida da ƙwayar kafur, ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye wa Shekari ba.

Shekari bai ce ai na faɗa miki ba. Ya fita, ya samo tsohuwar ragar ƙarfe, ya ɗauka a kafaɗa ya kai wa mai walda a yi murfin bel.

Ta biya tarar a ofis, ta bi layi tun safe har rana ta karkata, mai kuɗi ya tafi cin abinci, mai hatimi ya tafi salla, ta jira su duka. Aka zo aka duba murfi, aka ba ta bel. Ta dawo ta soke sabon rasit a kan ƙusa, ƙusar har ta fara lanƙwasa.

Da safe Shekari ya ɗora bel kafin ya tafi aiki, ya murza ƙarfen tada inji, injin ya yi tari ya kama. Matan Makera sun dawo da kwanukansu, ba duka ba, wasu sun saba da Nicholas. Ana cikin jera kwanuka sai ga Vespa. Sylvanus ya sauka da littafinsa, ba gaisuwar yare, ba murmushi. Ya zagaya injin, ya ƙwanƙwasa murfin da biro, ya leƙa magudanar ruwa, ya auna allon da ido. Bai samu komai ba. Ya ce ta sani kuɗin lasisi zai ƙaru a sabuwar shekara, kuma duk wata zai zo ya duba, ƙusa ɗaya in ta goce zai rubuta.

Farantin nan yana kan tebur tun ranar Asabar, goron ya fara yamushewa. Celina ta zaɓi babba, ja, ta goge a zaninta. Sylvanus ya tsaya, don ya ɗauka miƙo masa za ta yi.

"Ka zo duk wata," ta ce. "Wannan nawa ne."

Ta gatsa. Ɗacin ya cika mata baki har idonta ya kawo ruwa, yana nan yadda ta bar shi tun tana yarinya. Ba ta tofar ba. Ta tauna tana kallonsa, ta haɗiye, sannan ta juya ta ce wa matar da ke gaba ta miƙo wakenta.